Daga Tama Zuwa Gwangwan: Tarihin Ƙarfen Da Muke Saye A Ikko

 Kwana biyu an ji ni shiru. Ba komai ya ɓoye ni ba illa wani shaf na injin gurzar rogo da ya karye, ya ja mini asarar kuɗi, ya kuma so ya zubar mini da mutunci a idon mutumin da muka shekara goma muna hulɗa. Da ƙura ta lafa sai na zauna ina tambayar kaina: yaya aka yi jikan maƙeri, wanda ya haura shekara ashirin yana sayen ƙarfe a Legas, ya ɗauki kuɗi ya sayi ƙarfen da bai san ko wane iri ne ba? Neman amsar ya kai ni nesa, har bayan zamanin kakana. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wataƙila wani ya tsinci abin amfani.

Ga wanda bai san ni ba, ina da 'yar rumfar walda a Agege. Muna haɗa injinan markaɗe da na gurzar rogo, da tankuna, da ƙofofi idan aiki ya yi ƙaranci. Ba ni da injin sassaƙa ƙarfe, don haka duk abin da ke bukatar a fere shi daidai da awo, kamar shaf ko mazaunin boris, ina kai wa wani dattijo Bayarabe, irin waɗanda a nan ake kira tona. Yara ke riƙe da walda yanzu. Ni aikina shi ne yawon neman ƙarfe.

Abin da ya faru a taƙaice shi ne, na samu sandar ƙarfe mulmulalliya mai kaurin milimita 50 a wani filin gwangwan, sumul, ba tsatsa, kuma da sauƙin kuɗi. Baba tona ya fere ta, har ya yi ƙorafin cewa tana cin bakin wuƙar injinsa, ban kula ba. Muka liƙa mata fuli da walda, da sandar 6013 da muke yin komai da ita. Mako uku injin yana aiki a wani ƙauye a jihar Ogun, ran nan shaf ya ɓalle dab da bakin waldar, ƙas, kamar an karya rake. Fuli ya yi tsalle ya bugi bango. Akwai mata uku a ɗakin suna aiki, Allah Ya tsare bai samu kowa ba. Da aka dawo mini da guntun na kai wa Baba, bai ce komai ba, sai ya kunna giranda ya ɗora shi. Tartsatsi ya rinƙa fashewa kamar wasan wuta. Ya kashe, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba ƙarfen walda ba ne. Aksul ɗin babbar mota ne aka yanke masa kai."

Kafin mu shiga tarihi, bari in yi wa mai karatu bayanin abin da Baba ya gani a cikin tartsatsin, domin duk zancen a kansa ya rataya. Abin da muke kira baƙin ƙarfe ba iri ɗaya ba ne, kuma babban abin da ya raba shi shi ne wani sinadari da ake kira kabon, wato sinadarin gawayi. Ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ƙarfe mai laushi, wanda ake ƙofa da tanki da shi, kabon ɗinsa bai cika wuce kashi 0.25 cikin ɗari ba. Yana lanƙwasuwa, yana karɓar walda ba gardama. Daga 0.3 zuwa 0.6 shi ne matsakaici, na shaf da giya da aksul, irin su EN8 mai kusan 0.4 da C45 mai 0.45. Sama da haka sai na sifirin da layin dogo da magagari da cizal. In ya haura kashi 2 kuma ya zama ƙarfen zubi, irin na gangar injin mota, wanda ba ya lanƙwasuwa sai dai ya fashe. Wato a cikin kilo ɗari na ƙarfe, abin da ya raba ƙarfen ƙofa da na aksul bai kai rabin kilo na gawayi ba. Ido ba ya ganinsa, sikeli ba ya auna shi.

To ina ruwan walda da wannan? Duk wanda ya tashi kusa da maƙera ya san ban-ruwa: a gasa wuƙa ta yi ja, a tsoma ta a ruwa, ta yi tauri. Ƙarfe mai laushi ko ka tsoma shi sau goma ba zai yi taurin kirki ba, amma mai kabon da yawa nan take yake ɗauka. Idan ka ɗora walda a kan sanda mai kauri tana sanyi, gefen waldar yana yin ja, sauran jikin sandar kuma ya zuƙe zafin cikin daƙiƙoƙi. Ka yi ban-ruwa ke nan ba da niyya ba, kuma ba ka sake ɗumama wurin don ya saki ba. Sai ya zama akwai wani siririn zobe mai tauri kamar gilashi a gefen waldar, yana jiran ranar karyewa. Ƙara da raɓar Legas da ke shiga sandunan walda, ita ma tana haddasa tsagewa daga ciki. Maganin sananne ne: a fara gasa ƙarfen ya kai zafin digiri 200 ko fiye, a yi amfani da sandar 7018 busasshiya, a binne shi a yashi ko toka ya huce a hankali. Mafi kyau ma kada a yi waldar, a yanka gurbin ki a ɗaure fuli. Duk na san wannan. Abin da ban sani ba shi ne wane ƙarfe ne a hannuna.

Kakana maƙeri ne a wani ƙauye gabas da Kano, maƙerin baƙi, ba na fari masu aikin azurfa da tagulla ba. Na riske shi da tsufa a lokutan da ake tura mu gida hutu. Shi kansa bai narka tama ba, amma ya ga mahaifinsa yana yi yana yaro, kuma yakan ba da labarin kamar wanda ya ga aljanna aka rufe ƙofa. Bayan an gama girbi ake fita daji a tono tama, a farfasa ta, a gina murhu na yumɓu mai tsawo, a jera tama da gawayi hawa-hawa, a kunna wuta a kwana ana tsaro. Gawayin ƙirya ake nema, domin shi ke riƙe wuta. Ƙarfen ba ya narkewa ya zama ruwa kamar yadda ake yi a masana'antun zamani. Dattin dutsen ne ke narkewa ya zube, ya bar curin ƙarfe mai ramuka a ƙasa. Wannan curin ba ɗaya yake ba. Wani ɓangaren ya sha gawayi da yawa, wani kaɗan. Maƙeri zai fasa shi, ya duba karayar, ya saurari ƙararsa a kan uwar maƙera, ya ware: wannan na bakin gatari da wuƙa, wancan na jikin fartanya da ƙusa. Bai taɓa jin kalmar kabon ba, amma aikin da yake yi ke nan.

Wannan sana'a ta daɗe a ƙasar nan fiye da yadda yawancinmu ke zato. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono muraahun narka tama na mutanen Nok a shekarun 1960, waɗanda suka girmi haihuwar Annabi Isa (AS) da ƙarnoni. A Lejja ta ƙasar Nsukka har yau ga manyan curin kashin maƙera nan jere a dandalin gari. Labarin kafuwar Kano kansa da ƙarfe ya fara: Abagayawa, maƙera daga Gaya, neman tama ya kawo su gindin Dala. Maƙwabtanmu Yarabawa kuwa sai da suka ba ƙarfe gunki sukutum, Ogun. Abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan ɗaya ne: maƙerin wancan zamani ya san dutsen da aka tono tamarsa, ya san wanda ya narka, ya san icen da aka yi gawayin. Ƙarfensa yana da asali kamar yadda mutum ke da asali.

Abin da ya kashe narka tama ba doka ba ce kawai, arha ce. Tun ƙarnoni kafin mulkin mallaka Turawa ke sauke sandunan ƙarfe a bakin teku, amma dakon su zuwa Arewa a ka ko a jaki yana da tsada. Jirgin ƙasa ya rushe wannan katanga. Layin da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911 ta hanyar Baro, a 1912 kuma aka haɗa Legas da Kano. Daga nan ƙarfen Ingila ya fara isa kasuwannin Arewa da sauƙi, sai kuma tarkacen reluwe da na motoci suka biyo baya. Wa zai kwana uku a daji yana gadin wuta alhali ga sifirin ɗin mota a kasuwa, wanda ya fi tamarsa riƙe kaifi? Cikin tsara ɗaya ko biyu aka daina. Uwar maƙerar kakana ma, da na buɗe ido na gan ta, guntun layin dogo ce.

Ba na cikin masu kukan cewa da an bar mu da tama da mun fi haka. Ƙarfen Bature ya fi namu tsabta, wannan gaskiya ce. Abin da aka rasa shi ne sanin asali. Amma ko a lokacin ba a rasa shi duka ba, sai dai ya sauya kama. Maƙeri ya koyi sabon ilimi: sifirin na adda da wuƙa, aksul na guduma, ganga ta tukunya da murhu. Sunan motar ya maye gurbin sunan dutsen.

Jirgin da ya kai ƙarfe Arewa shi ya sauko da iyayenmu Kudu, da goro da shanu a tsakani. An kafa Sabon Ibadan a 1916, Agege kuma ta cika da Hausawa saboda goro da tashar jirgi. Mahaifina ya zo bayan samun 'yancin kai, bai riƙe masaba ba, dako ya fara kafin ya samu rumfa. A wancan lokaci, in ana maganar aikin ƙarfe na awo a Legas, to ma'aikatar reluwe ta Ebute Metta ake nufi, da ta tashar jiragen ruwa, da kamfanonin Apapa da Ikeja. Can aka horar da yawancin tsofaffin tona da fita da muka tarar, har da Baba. Yakan ce a can ba a ɗaukar sanda daga sito sai da takarda, kowace sanda da lambarta da fenti a bakinta. Lambobin EN ɗin nan da muke faɗa a kasuwa ma daga can muka gaje su. Tsarin Ingila ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Su masu abin sun sauya shi tun 1970, EN8 ta koma 080M40, amma je ka kasuwa ka faɗi wannan lambar ka ga kallon da za a yi maka. Wannan shi ne asali na uku da ƙarfe ya samu a ƙasar nan, asalin takarda. Sai dai iyakarsa katangar ma'aikata, kuma kaɗan ne daga cikin namu suka shiga wannan katangar da sunan koyon sana'a. Mun tsaya a bakin ƙofa muna gadi.

Daga nan sai babban buri. An buɗe ƙaramar masana'antar Nigersteel a Emene kusa da Inugu a 1962, tana narka tsohon ƙarfe. A 1971 gwamnatin Gowon ta kafa hukumar bunƙasa ƙarfe ta ƙasa, masana daga Tarayyar Sobiyet suka shiga bincike, aka tabbatar da tama mai yawa a Itakpe. A 1979 aka sa hannu da kamfanin Sobiyet na Tyazhpromexport don gina Ajaokuta, Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980. Zangon farko an tsara zai fitar da tan miliyan 1.3 a shekara. A gefe guda Jamusawa da 'yan Ostiriya suka gina Delta Steel a Aladja kusa da Warri, aka buɗe ta a 1982, mai ƙarfin tan miliyan ɗaya, tana aiki da iskar gas da wutar lantarki. Aka kuma gina masana'antun murza ƙarfe uku a Jos da Katsina da Oshogbo, kowace tan 210,000 a shekara, don su karɓi curin ƙarfe daga Aladja su mai da shi rodi da waya. Ta Katsina Japanawa suka gina. A Oshogbo kuma aka kafa masana'antar ƙera injinan sassaƙa ƙarfe tare da kamfanin HMT na Indiya. A takarda, komai ya haɗu.

A ƙasa kuwa kowane mahaɗi da matsalarsa. Tamar Itakpe ƙarfen cikinta bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, sai an tace ta, don haka Aladja ta rinƙa sayo tama daga Laberiya da Brazil da kuɗin waje. Kwal ɗin Inugu ba irin wanda babban murhun Ajaokuta ke bukata ba ne. Curin ƙarfen da za a kai Katsina daga Warri, tafiyar sama da kilomita dubu, a tirela ake ɗaukarsa. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da aka fara a 1987 ba a buɗe shi ba sai 2020. Aladja ba ta taɓa fitar da ko rabin abin da aka gina ta dominsa ba, kafin ta tsaya a tsakiyar shekarun 1990, ta bar 'ya'yanta uku da yunwa. Ajaokuta kuwa, tun 1994 ake cewa an kammala kashi 98 cikin ɗari, amma babban murhun ba a taɓa hura shi ba. An ba wani kamfanin Indiya ita a 2004, gwamnatin 'Yar'aduwa ta soke yarjejeniyar a 2008, aka shiga shari'a, a 2022 Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 don a rabu. A 2023 aka kafa ma'aikatar ƙarfe ta musamman.

A majalisarmu ta bayan la'asar in aka zo nan sai kowa ya girgiza kai ya ce ai da Ajaokuta ta tashi da mun huta. Ni ina da ja a nan, ko da yake ba a son ji. Zangon farko na Ajaokuta dogayen kaya aka tsara masa: rodi, waya, angul da makamantansu. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe, wato faranti da falle da ake tanki da jikin mota da su, an bar shi sai zango na biyu. Masana'antun nan uku ma rodin gini ne aikinsu. Ke nan ko da komai ya tafi daidai, mai gini ne zai fara dariya, ba mai walda ko tona ba. An yi tunanin tan nawa za a fitar, ba a yi tunanin ƙaramin mai sana'a da ke neman mita biyu na EN8 mai lamba a jiki ba. Duk da haka da ta tashi, da an samu dubban mutanen da suka san ƙarfe ciki da waje suna yawo a kasuwannin nan, da ɗakunan gwaji da mutum zai kai guntu a faɗa masa abin da ke ciki. A ganina wannan rashin ya fi rashin rodin ciwo.

Sai 1986 ta zo da SAP. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta fara gangarowa, sayo sabon ƙarfe daga waje ya gagari ƙananan masu sana'a, kamfanoni a Ikeja da Ilupeju da Apapa suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya biyo baya na gan shi da idona ina saurayi. Injinan da aka rufe a kansu aka rinƙa fito da su ana sayarwa a kilo. Masu rai suka faɗa hannun tsofaffin ma'aikata, kuma injin Baba ɗaya ne daga cikinsu, ya girme ni. Matattu aka sa musu wutar gas aka yayyanka. Kasuwanni irin su Owode Onirin da ke hanyar Ikorodu, wadda sunanta ma ƙarfe yake nufi, suka cika da shaf da giya da farantin jirgin ruwa. Ƙasar da ta yi niyyar narka dutse ta koma cin gawar masana'antunta.

A nan ne mu Hausawa muka sake shiga harkar ƙarfe, amma ta ƙofar baya. Yaro ya sauko ci-rani ba jari ba sana'a, maigida ya ba shi kura da 'yan kuɗi, ya shiga unguwanni yana sayen gwangwan. Daga shi sai mai sikeli, sai dila, sai tirela, sai masana'antun narka da suka yawaita daga shekarun 2000 a Ikorodu da Ogijo da Ota, yawancinsu na Indiyawa da 'yan Sin da Kwarori. Doka ta hana fitar da gwangwan waje, don haka a nan ake narka shi. Rodi mai yawa da ake gina Legas da shi ya bi ta hannun ɗan Arewa yana tsatsa. Jikokin Abagayawa sun koma tonon tama, sai dai a bola. Kuma ba a gode mana. Duk murfin kwalbati da ya ɓace, duk wayar da aka yanke, mu ne. Wani zargin ƙarya ne, wani kuma gaskiya, kada mu yaudari kanmu. A farkon 2025 sai da hukumar Abuja ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu kan wannan batu. Ni dai ƙa'idata, ba na sayen guntun layin dogo ko nawa ne, duk da cewa a kan irinsa kakana ya ci abinci.

Ƙarfen da ke fitowa daga waɗannan masana'antu yana da nasa hali. Murhun lantarkin da yawancinsu ke amfani da shi narkawa yake yi, ba ya tacewa sosai. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. In an haɗa sifirin da gwangwanin madara da wayar jan ƙarfe a tukunya ɗaya, jan ƙarfe da kuza ba sa fita, kabon kuma yau ya hau gobe ya sauka. Akwai masu sa ido da gwaji a cikinsu, akwai kuma waɗanda sai addu'a. Shi ya sa ba na yarda a fere rodin gini a yi shaf ko ƙusar ɗauri da shi, ko da mai aiki ya roƙe ni. Angul da fayif na gida ina saye don firam da ƙofa, amma da ma'aunin kauri a aljihuna, domin abin da aka ce milimita 3 ne sau da yawa in ka auna sai ka ga ya rame.

Sabon ƙarfe mai takarda yana nan ga mai kuɗi. Daga Sin yake zuwa galibi, ƙasar da ita kaɗai ke fitar da fiye da rabin ƙarfen duniya, sai Indiya da Turkiyya. Kafin yaƙin 2022 ana samun na Yukren ma. Manyan dillalai za su ba ka takardar masana'anta mai ɗauke da lambar tukunyar da aka narka shi da adadin kabon. Shawarata ga mai saye: kada ka tsaya ga takardar, duba ko lambar da ke cikinta ita ce a jikin farantin ko a alamar da ke ɗaure da damin. Na sha ganin takarda ɗaya, an yi mata hoto har ta dushe, tana rakiyar kaya iri biyar. Farashinsa kuma dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a 2023 har dala ta haura 1,500 a 2024, mai injin rogo ba ya iya biyan sabo a kowane ɓangare. Dole a koma filin gwangwan, inda wani lokaci ma ƙarfen ya fi sabon kyau, in ka san ko mene ne.

Gwajin ba shi da wuya, kuma kunya ce a ce na tsallake shi. Ɗora a giranda a wuri mai ɗan duhu: mai laushi yana ba da dogayen tartsatsi masu ruwan ɗorawa, ba rassa sosai; mai kabon yana fashewa da taurari, yawan taurarin yawan kabon; ƙarfen zubi gajere ne ja-ja. Goga magagari a gefe: in ya kama, da laushi; in ya zame yana ƙara, an yi masa ban-ruwa. In kana da shakka yanki ɗan guntu, gasa shi ya yi ja, tsoma a ruwa, sa a bais ka buga. In ya lanƙwashe, yi waldarka. In ya ɓalle, ka san da wa kake. Baba yana da guntaye uku da ya tabbatar da irinsu rataye kusa da girandarsa, da su yake kwatantawa. Minti biyar ne duka.

Bayan na biya wa mai rogo sabon shaf daga aljihuna, na koma filin da na sayi sandar, guntun a hannuna, raina a ɓace. Mai wurin ɗan uwa ne, muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ni a sikeli na saya, a sikeli na sayar. Ba ka tambaye ni ba, ni ma ban tambayi kowa ba." Ban samu abin cewa ba. Muna tsaye sai wani yaro mai yankan gas, bai fi shekara ashirin ba, ya matso ya karɓi guntun ya juya shi. Ya ce, "Baba, ai wannan na tifa ne. Ni na yanke shi. Guda huɗu ne, ga sauran can." Na tambaye shi ko ya san sauran tarin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa: wannan daga injin buga takarda, wannan sandar haidurolik ce ta katafila, waɗancan daga wata masaƙa da aka rushe, wannan kuma bai sani ba don a yanke aka kawo shi. Bai yi kuskuren faɗin abin da bai sani ba. Shekara huɗu yana wurin, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Mun yi magana da maigidansa. Na sayo gwangwanin fenti uku na ba yaron: ja ga duk abin da ya fito daga aksul ko sifirin, shuɗi ga shaf ɗin injin masana'anta, fari ga mai laushi. Wanda bai sani ba ya bar shi ba fenti. Na yi alkawarin ƙara wani abu a kan kowane kilo mai fenti, rabi na maigida rabi nasa. Maigidan ya yi dariya ya ce in dai zan biya, ko zane nake so a yi wa ƙarfen za a yi. Masu walda biyu daga layinmu sun fara zuwa can suna tambayar mai shuɗin baki.

Sabon shaf ɗin EN8 ne, na ga lambar a jikin sandar kafin a yanka. Baba ya yanka masa gurbin ki, ba mu kusance shi da walda ba. Sauran aksul ukun na saye su a ranar, na kai wa wani maƙeri ɗan Zamfara da ke bayan kwatar Agege, ya ce za su yi guduma da cizal masu kyau. Ya riga ya kawo mini guduma ɗaya.